Waya Da Hankalin Samari: Darasi Daga Tsangaya

Jama'a, shekaru kusan 800 ke nan da Shaihu Zarnuji, cikin Ta'alimul Muta'allim, ya hori ɗalibi ya rage shagulgulan duniya, ya kuma lizimci karatu tsakanin magariba da lisha. A kan wannan tsangayun Rano da Kibiya suka ginu: ba a wanke allo sai karatu ya zauna, gardi kuwa yakan ƙaurace wa gari domin tilawa.

Yau ga waya ta shigo da kasuwa har ɗakin yaro. To, 'yan kasuwa da ma'aikata, in an sallame magariba ku karɓi wayoyin samarinku, ku ajiye naku tukuna, ku zauna ku saurari darasi guda har lisha, kullum. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.