Yadda ake gina tanderun gasa pizza a bayan gida

A birnin Napoli na ƙasar Italiya, inda nan ne mahaifar pizza, ba a barin ƙulli ya wuce daƙiƙa 60 zuwa 90 a cikin tanderu. Ƙa'idar da ƙungiyar kare pizzar Napoli ta asali, wadda aka kafa a 1984, ta shimfiɗa ita ce a gasa shi da wutar itace, a zafin da ya kai kusan digiri 485 a ma'aunin Salshiyas. Murhun gas ko na lantarki da ke ɗakin girki kuwa da wuya ya haura digiri 250.

Wannan tazara ce ke sa mutane a ƙasashe irin su Amurka da Birtaniya da Ostireliya suke gina nasu tanderun na bulo a bayan gida. Sai dai aiki ne mai cin kuɗi da makonni, kuma kuskure ɗaya na iya mayar da shi tulin bulo marar amfani.

Tsohon fasali

Siffar tanderun ba sabuwa ba ce. A kangon birnin Pompei, wanda aman wutar dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 miladiyya, an tono gidajen burodi fiye da 30, da tanderunsu masu rufin ƙubba irin na yau.

Ya bambanta da tanderun gurasa da aka sani a Kano, inda wuta ke ƙasa, ana manna ƙulli a jikin bango. A nan ana hura wutar ne a kan daɓen ciki, a ture ta gefe, a shimfiɗa ƙullin kusa da ita. Daɓen yana gasa shi ta ƙasa, ƙubbar tana maido masa zafi ta sama, harshen wuta kuma yana lasar rufin. Saboda haka aikin ginin guda ne: ya sha zafi, ya riƙe.

Tushe da daɓe

Tanderun da faɗin cikinsa ya kai santimita 90 zuwa 105 kan yi nauyin tan guda ko fiye, don haka sai an zuba masa kankare mai rodi. A kansa ake ɗora dakalin bulon siminti mai tsayin kusan mita ɗaya, a rufe da wani falalen kankaren.

A nan ne masu sabon hannu suka fi yin asara. Idan aka jera bulon daɓe kai-tsaye a kan kankare, kankaren zai riƙa zuƙe zafin, sai saman pizza ya ƙone ƙasanta na ɗanye. Dole a sa shamaki a tsakani. Ana amfani da allon da ke tare zafi, ko a kwaɓa siminti kashi ɗaya da kashi biyar na falait, wata tsakuwa marar nauyi da ake kumbura ta da wuta kamar gugguru. Masu ƙaramin ƙarfi kan jera kwalabe, su cike tsakaninsu da yumɓu da ɗusar katako. Wanda ya tsallake wannan mataki ba shi da gyara sai rushewa.

Daɓen da ƙubbar kuwa bulo mai jure wuta ake yi da su. Na daɓe ana jera su ne a matse ba tare da siminti ba, domin su samu wurin buɗewa idan sun yi zafi, kuma a iya sauya wanda ya fashe.

Ƙubba da ƙofa

Hanya mafi sauƙi ta fitar da ƙubba ita ce a tara jiƙaƙƙen yashi a siffarta, a jera rabi-rabin bulo zagaye bayan zagaye a jikinsa, a kwashe yashin ta ƙofa idan ginin ya kama. Siminti zalla ba ya jure irin wannan zafi. Ko a sayi na musamman, ko a haɗa yashi kashi uku da kashi ɗaiɗai na siminti da farar ƙasa da yumɓu mai jure wuta.

Magina sun daɗe da gano cewa tsayin ƙofa ya kamata ya zama kusan kashi 63 cikin 100 na tsayin ƙubbar daga ciki. Ƙubba mai santimita 45 ke nan tana son ƙofa mai santimita 28. Idan ta fi haka tsayi, zafi ya tsere. Idan ta gaza, wutar ta shaƙe. Bututun hayaƙi kuma a gaban ƙofa ake sa shi, ba a tsakiyar ƙubba ba.

Daga nan a lulluɓe ƙubbar da bargon da ba ya cin wuta, a yaɓe, a yi mata rumfa, domin ruwa shi ne babban abokin gabar tanderu.

Gaggawa ke fasa shi

Sabon gini cike yake da danshi. Idan aka hura babbar wuta tun ranar farko, ruwan zai zama tururi ya tsattsaga ƙubbar. Akan bar shi ya sha iska mako guda, sannan a riƙa hura 'yar ƙaramar wuta ana ƙarawa kullum har kwana biyar zuwa bakwai.

Bayan haka, tanderun da kansa ke nuna ya shirya: kunkunniyar da ta baƙanta rufin za ta ƙone, bulon ya yi fari. Busasshen itace mai ƙarfi ake so. Katakon da aka shafa wa fenti ko magani yana fitar da guba.

Mazauna birane, musamman a Turai da Amurka, na buƙatar duba dokokin ƙaramar hukumarsu kan gini da hayaƙi, su nemi izinin mai gida idan haya suke yi, su kuma nesanta tanderun daga shinge da bishiyoyi.

Wanda aka gina da kyau ba ya tsayawa kan pizza. Idan aka kwashe garwashi aka toshe ƙofa, zafin da ya rage yana gasa burodi, washegari kuma ya nuna tukunyar nama ba tare da an ƙara ko da ƙirare ɗaya ba.