Ciwon Itace Daga Gindi Ya Kan Fara

Duk wanda ya hau Dutsen Dala da hantsi ya dubi birnin Kano, zai ga rufin kwano ya rinjayi ganye nesa ba kusa ba. Amma sunayen unguwanni suna ba da shaida cewa dā ba haka abin ya ke ba. Ga Durumin Iya, ga Rimin Kira, ga Ceɗiyar 'Yan Gurasa, ga kuma Kasuwar Rimi. Waɗansu wuraren suna ne kaɗai ya saura. Saboda haka itacen da ya rage cikin ganuwa ya cancanci a yi jinyarsa in ya kamu da ciwo.

Bara da bazara Hedimastan wata makarantar firamare da ke gindin dutsen ya aiko mini in zo in ga wata darbejiya a farfajiyarsu. A inuwarta a ke karantad da aji guda in ɗaki ya yi zafi. Na tarad da ganyen ƙololuwarta ya yi rawaya yana zuba, rassa uku sun bushe ƙayau, ɗaya kuwa bisa inda yara su ke zama ya ke. Ya ce mini, "Malam, gara ce ta cinye ta. Mun riga mun yi magana da mai gatari."

Na roƙe shi ya dakata. Da farko dai, zubar ganye ba kullum ne ciwo ba. Kuka da rimi su kan tuɓe da rani, gawo kuwa da damina ya ke nasa, kuma duk lafiyarsu lau. Darbejiya ita ce ba ta saba tsayawa tsirara ba, don haka tata zubar abin dubawa ce. Hanyar gwaji ba ta da wuya. Ka sa farce ko 'yar wuƙa ka kankare ɓawon ƙaramin reshe. In ka ga kore da danshi, da sauran rai. In ka ga ruwan ƙasa a bushe, ka gangara ƙasa kaɗan ka sake, har ka iske inda rai ya tsaya. Da muka yi haka, sai ga fiye da rabin itacen da ransa.

Gara kuwa, galibi a kan ɗora mata laifin da ba ita ta fara ba. Ga babban itace, busasshen ɓawo da mataccen reshe ta fi bi. Ganinta alama ce wani abu ya riga ta ɓarna.

Abin da ya riga ta a gindi ya ke. Shekaru biyu kafin nan an dafe farfajiyar da siminti har jikin itacen, don tsabta. To, saiwoyin da itace ya ke sha da su ba can ƙarƙashin ƙasa su ke ba, kamar yadda yawancinmu mu ke zato. Mafi yawansu suna cikin ƙafa biyun farko, sun bazu har sun zarce iyakar inuwa, kuma suna bukatar iska kamar yadda su ke bukatar ruwa. Siminti ya hana su duka biyu. Har wa yau, a ɓangaren gabas an sassaƙe ɓawon don maganin zazzaɓi, sassaƙar ta ci kusan sulusin kewayen gindin. Wannan ita ce ta fi ba ni tsoro, ga kuwa dalili. Ruwa ta cikin itacen ya ke hawa zuwa ganye, amma abincin da ganye ya ke sarrafawa ta bayan ɓawo ya ke sauka zuwa saiwa. In aka zagaye gindi da sassaƙa, ganye zai zauna kore har wata da watanni, mai itace yana murna, alhali saiwa tana mutuwa da yunwa. Haka maɗaci da yawa suka salwanta a ƙasar nan, don ɗacin ɓawonsu shi ne ya zama ajalinsu. Wanda ya zama dole ya ɗibi sassaƙe, ya ɗiba a tsaye, siriri, gefe guda.

Kada a ce darbejiya ba ta jin wuya. Asalinta daga Indiya ne, a 1928 aka fara dasa ta a Barno, ta kuwa karɓi ƙasar har yaranmu sun ɗauka ta gado ce. Duk da haka wajen 1990 aka ga tana ƙanjamewa a Nijar da arewacin Nijeriya, rassa suna tsiraita sai ɗan tuntun ganye a kan tsini. Masana suka bincika ba su sami wata ƙwayar cuta guda da za su kama ba, akasarinsu suka danganta abin ga ƙarancin ruwa da taurin ƙasa bayan shekarun fari.

Jinyar da muka yi ba ta ci kuɗi ba. Aka fasa simintin taki uku ta kowane gefe, aka sassauta ƙasar a hankali ba tare da an datse saiwa ba. 'Yan aji shida suka shimfiɗa ɓawon gyaɗa da busasshen ganye kaurin yatsa huɗu, suka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da gindi, don danshi a jikin ɓawo ruɓa ya ke kawowa. Ruwa kuwa sau ɗaya a mako, mai yawa, a bakin iyakar inuwa. Yayyafin kullum saman ƙasa kaɗai ya ke jiƙawa. Na hana ruwan wanki, na hana ƙona shara a kusa, na kuma hana takin zamani, ko da ya ke mai gadi ya nace. Gishirin da ke cikinsa ya kan ƙone saiwar da ta riga ta galabaita.

Matattun rassan an sare su ran nan, saboda yara. A kan fara tsaga reshe ta ƙasa tukuna, sa'an nan a yanke ta sama, don kada nauyinsa ya ɓalle ya ɗaye ɓawon uwar. Ana barin ɗan kumburin nan na mahaɗa, daga nan ne miki ya ke rufewa. Dā an koya mana a shafa kwalta a wurin yanka. Yanzu an gane ba ta da amfani, danshi ma ta kan tsare. A wani reshe muka sami kauci, wanda tsuntsaye su ke manna irinsa, aka yanke reshen kamu guda ƙasa da inda ya kama, gama tsinke shi kawai ba ya hana shi tohowa.

Malamai su lura da abu guda. In itace ya soma karkata, ko ƙasa ta tsage a gindinsa, ko kogo ya cinye yawancin cikinsa, jinya ta ƙare, sai gatari, tun bai faɗa wa ɗan wani ba.

Da na koma a watan Agusta, na iske sabon toho ya rufe rassan ƙasa, mikin gabas ya fara naɗe baki. Ƙololuwar ba ta dawo ba tukuna. Hedimasta ya naɗa yara biyu masu kula da ruwa, ya kuma kewaye gindin da ƙaya saboda awaki.