Gajiyar da Hutu ba Ya Warkarwa: Mai Sankarar Bututun Madaciya a Zangon Accra

A gaisuwar Hausa, idan aka ce "Ina gajiya?" amsar ita ce "Ba gajiya." Idan aka ce wa marar lafiya "Yaya jiki?" zai ce "Da sauƙi," ko da kuwa ya kwana bai runtsa ba. Hausar mazauna Zango a Gana ta sha bamban da ta Kano ta fuskar jinsi da furucin ɓ da ɗ da ƙ, amma waɗannan amsoshi suna nan daram a Nima da Maamobi. Wannan takarda za ta dubi wani yanayi da amsoshin suke ɓoye abin da ya kamata a sani, wato gajiyar wanda aka gano yana da sankarar bututun madaciya.

Hanta ce ke samar da ruwan madaciya, kimanin rabin lita ko fiye a kullum. Ruwan yana bin wasu siraran bututu, wani ya taru a madaciya, wadda wasu ke kira matsarmama, sannan ya zuba a hanji ya taimaka wajen narkar da maiƙo. Idan ƙari ya tsiro a bututun, sai hanya ta toshe, ruwan ya koma cikin jini. Daga nan ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya kama ƙaiƙayi. Wannan shi Bahaushe ke kira shawara, kuma da yake sunan ya haɗa cututtuka da dama, akan daɗe ana jiƙo da tsimi a gida kafin a je asibitin Maamobi, daga can a tura mutum Korle Bu, babban asibitin koyarwa da aka buɗe a 1923, inda aka kafa cibiyar kula da masu sankara a 1997.

Alal misali, a ɗauki magidanci mai sayar da hatsi a kasuwar Nima. An sanar da iyalinsa sunan cutar, ba a ma fara magani ba, amma ga shi alwala kaɗai tana sa shi haki. Ya kwana, ya yi barcin rana, ya tashi kamar wanda ya yi dako. A nan ne ɗalibi zai lura da cewa kalmar gajiya ba ta ɗauke ma'anar duka ba. Gajiya a Hausa tana biyo bayan aiki ko tafiya, hutu kuma yana kore ta, shi ya sa ake yi wa baƙo fatan huce gajiya. Kasala ta ɗan fi kusa, sai dai tana da ƙanshin zargi, don tana maƙwabtaka da lalaci da ƙiwuya. Maganar da ta fi dacewa ita ce wadda marasa lafiya da kansu ke yi: "Jikina ya mutu."

Dalilan wannan mutuwar jiki suna da yawa, kuma sukan haɗu a kan mutum ɗaya. Ita kanta sankarar tana sa jiki ya fitar da sinadaran kumburi masu kashe sha'awar abinci da zaizaye tsoka. Rashin ruwan madaciya a hanji yana hana maiƙo narkewa, don haka ɗan abin da aka ci ma ba ya amfanar jiki sosai. Jini yakan yi ƙaranci. Ƙaiƙayin shawara ya fi tsananta da dare, balle a ɗaki ɗaya na gidan haya mai zafi. Ga kuma fargaba da tunanin kuɗin magani. Idan aka fara ƙarin ruwan sankara, wanda tun 2010 aka fi haɗa Gemcitabine da Cisplatin a cikinsa, gajiyar takan ƙaru na 'yan kwanaki bayan kowane zagaye.

Wasu daga cikin dalilan nan suna da magani, kuma nan ne harshe ke shigowa. Likita na iya auna jini ya yi ƙari, ya ba da maganin ƙaiƙayi, ko a zura ɗan bututun roba ko na ƙarfe a buɗe hanyar da ta toshe, shawarar ta ja baya, cin abinci ya dawo. Amma sai ya ji labarin gaskiya. A asibitin Accra akan yi magana da Ingilishi ko Twi ko Ga, ɗa ko 'ya ne ke yi wa tsoho tafinta. Tsoho ya ce "Da sauƙi" saboda ladabi da tawakkali, ɗan ya fassara maganar kalma da kalma, likita ya rubuta cewa an samu ci gaba. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma saƙon ya ɓata a hanya.

Tambayar da ta fi amfani ita ce wadda gaisuwa ba ta tanadar mata amsa ba. "Baba, jiya ka iya zuwa masallaci da ƙafarka?" "Sallah nawa ka yi a tsaye?" "Kokon nan ka shanye ko ka rage?" Ma'aikatan jinya sukan nemi marar lafiya ya kimanta gajiyarsa daga 0 zuwa 10, iyali ma za su iya rubuta wannan kullum su tafi da shi ranar ganin likita.

A gida kuwa, abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida ya fi kwano guda na waakye ko tuwon zafi da za a tsare shi a kai. Koko ya fi ƙosai sauƙi ga wanda maiƙo ke damu. Kwanciya yini guda tana ƙara raunana tsoka. Ɗan tattaki zuwa ƙofar gida da safe yana cikin abubuwan da bincike ya fi tabbatar da amfaninsu ga gajiyar sankara. Dubiya ita ce mai wuyar sha'ani. A Zango kowa ɗan'uwa ne, kuma marar lafiya zai tashi zaune ya amsa gaisuwar mutum ashirin don kunya. Ya kamata wani babba a gidan ya karɓi gaisuwar a zaure, ya ce, "Alhaji ya samu barci, za a gaya masa kun zo." Tsimin shawara kuma a dakata da shi sai an tambayi likita, domin hantar da za ta tace shi ita ce ke fama.

Akwai lokacin da ba a jiran ranar asibiti. Idan zazzaɓi da rawar sanyi suka haɗu da rawayar ido, ko ciwo ya taso a dama ƙarƙashin haƙarƙari, ko marar lafiya ya fara ruɗewa da barcin da ba a iya tashinsa, mai yiwuwa ƙwayoyin cuta ne suka shiga bututun da ya toshe. A Accra hankali yakan tafi ga zazzaɓin cizon sauro, a sayo magani a kemis. Irin wannan zazzaɓi yana iya zama ajali cikin ɗan lokaci, don haka a nufi sashen gaggawa a daren, tare da katin asibiti da duk magungunan da yake sha.