Gubar dalma a Zamfara: Darasin da ilimin muhalli bai gama koya ba

A watan Maris na 2010, jami'an ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da ke aiki a Jihar Zamfara suka ci karo da wata irin mutuwa da ba ta yi kama da cututtukan da suka saba gani ba. Ƙananan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum suna amai, suna jijjiga, suna cikawa, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma bai tsinana musu komai. Da aka auna jininsu sai aka gano gubar dalma ce. Kafin a shawo kan lamarin, yara fiye da 400 sun rasu, wasu dubbai kuma suka rayu da gubar a jikinsu.

Mafarin abin shi ne tashin farashin zinare a kasuwar duniya, wanda ya ja manoma zuwa ramukan haƙa. Duwatsun yankin kuwa cike suke da dalma. Magidanci ya kawo su gida a buhu, a daka a turmi ko a kai injin niƙa, a shanya garin a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a daɓe da tabarma da kwanon abinci, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa, kuma ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa.

Wannan musiba ta shafi masu tsara manhajar makarantu kamar yadda ta shafi likitoci. Tun a 1977, taron da UNESCO da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka shirya a birnin Tbilisi ya zayyana manufofi biyar na ilimin muhalli: faɗakarwa, sani, ɗabi'a, ƙwarewa da shiga cikin aiki. A yawancin azuzuwanmu ana tsayawa ne a biyun farko. Ɗalibi zai haddace ma'anar gurɓatar iska da ta ruwa, ya zuba a takardar jarrabawa, ba tare da an taɓa tambayarsa wa ke shan wahalar gurɓatar a unguwarsu ba, ko wane haƙƙi ne ke wuyansa game da ƙaninsa da ke wasa a bakin kwata.

A Zamfara sanin ya isa ƙauyuka da wuri, amma bai wadatar ba. An samu inda mutane suka yi ta ɓoye yawan mace-macen saboda tsoron kada gwamnati ta hana haƙar da suke ci da ita. Ba rashin ƙaunar 'ya'ya ya sa su yin haka ba. Mutumin da gonarsa ba ta kai shi ƙarshen shekara, idan aka ce masa sana'ar da ta fara sa masa kuɗi a aljihu ita ce ke kashe yaransa, zai fara duba ko mai maganar ya damu da abin da iyalinsa za su ci gobe. Saƙon ya fi karɓuwa ne a lokacin da ya zo tare da magani ga yara, da kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje a maye ta da mai tsabta, da sa bakin sarakuna da malamai kan a fitar da daka da niƙa zuwa bayan gari. Daga baya aka koya wa mahaƙa niƙa da ruwa don kwantar da ƙura, da yin wanka da sauya tufafi kafin su koma cikin iyali. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke ƙara wa mahaƙi ko sisi. Yana yi ne domin yaron da zai ruga ya rungume shi a ƙofar gida.

Sai dai zalunci ne a jibge wa talaka nauyin ɗabi'a shi kaɗai. Garin Bagega, wanda gurɓatarsa ta yi tsanani, ya zauna jiran kuɗin tsabtacewa daga Gwamnatin Tarayya har zuwa 2013. Likitoci ba su iya fara bai wa yaran garin maganin fitar da gubar ba, domin ba shi da amfani muddin yaro zai koma kan ƙasar da ta sa masa ita. Sai da wasu matasa a ƙarƙashin shirin Follow The Money, ciki har da Hamzat Lawal, suka matsa lamba a kafafen sada zumunta tare da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, sannan kuɗin suka fito. Jami'an da suka riƙe takardun a Abuja sun fi kowane ɗan Bagega sanin illar dalma. Ilimin muhallin da zai koya wa uwa wanke hannun jaririnta, ya yi shiru kan dillalin zinare da ma'aikacin da ya danne fayil, ya bar rabin aikinsa.

A 2015 gubar ta sake ɓulla a yankin Shikira da ke Ƙaramar Hukumar Rafi a Jihar Neja, inda yara 28 suka mutu, ta hanyar da ta kashe na Zamfara shekaru biyar kafin nan. MSF ta miƙa aikinta na Zamfara ga hukumomin jihar a 2022. A Disambar 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta ƙaƙaba wa jihar tun 2019 saboda matsalar tsaro. Da yawa daga cikin waɗanda za su sauka ramukan yanzu suna goye ne a bayan uwayensu a shekarar da ƙurar ta cika tsakar gidajen Dareta da 'Yargalma.