Ranar da Asibiti Ya Koma Aikin Jinga

Duk wanda ya taɓa sa magini aiki ya san bambancin biyan yini da jinga. In da yini kake biya, ɗaki guda sai ya cinye wata: yau ƙasa ba ta tsumu ba, gobe tubali bai bushe ba. In kuwa jinga ce, kafin ka waiwaya an ɗora azara.

To, lissafin nan gwamnatin Amurka ta yi wa asibitoci a 1983. Shirin Medicare, mai ɗaukar nauyin maganin tsofaffi daga shekara 65, a da abin da asibiti ya kashe shi yake biya: kwanan gado, allura, gwaji, duk a zuba a takarda. Sai aka kasa cututtuka gida ɗari huɗu da ɗoriya, bisa tsarin masana na jami'ar Yale, kowane gida da farashinsa. Karayar ƙugu kaza, ciwon huhu kaza. Majinyaci ya kwana uku ko goma, kuɗin bai cika sauyawa ba. Nan da nan kwanakin jinya suka ragu.

Sai dai jingar ta tsaya ne kan wanda aka ba gado. Wanda ya zo aka duba shi ya koma gida, a lokacin yana nan kan tsohon lissafi. Kamar ka ce wa magini: aikin cikin gida jinga, na ƙofar gida biyan yini. Me kake tsammani? Kwaɓa ƙasa a waje, buga tubali a waje, har ƙyauren ɗakin a bakin titi za a haɗa shi, a shigo da shi kafawa kawai. Haka aikin cire yanar ido, wanda a da ake kwantar da tsoho dominsa, ya koma na zuwa da safe a tafi da la'asar, sababbin kayan fiɗa kuma suka taimaka. Gwajin jini da hoton ƙirji aka riƙa yin su kafin ranar kwantarwa, a caje su daban, har majalisa ta yi doka a 1990 cewa gwajin da asibitin ya yi cikin kwana uku kafin gado yana cikin jingar. Ɓangaren masu zuwa su tafi ya yi ta kumbura, sai a 2000 aka yanka masa nasa farashin.

Ni dai ina ganin alheri ne babba tsoho ya kwana a ɗakinsa, nesa da cututtukan da ake kwasa a gadon asibiti. Abin da ke damuna shi ne yaɓen da aka bari ɗanye. Binciken cibiyar RAND ya gano mace-mace ba su ƙaru ba, amma waɗanda aka sallama jikinsu bai gama daidaita ba sun ƙaru. Wanke rauni, ɗaga tsoho zuwa banɗaki cikin dare, kai shi ganin likita a dawo da shi, duk sun koma wuyan matarsa ko 'yarsa, kuma ba wanda ya yi jinga da su.