Hoton Gini: Yabon Abokai Ba Ya Miƙar da Bango

Tun da wayar hannu ta sa kyamara a aljihun kowa, ɗalibai da ma'aikata da yawa sun ɗauki ɗabi'ar ɗaukar hotunan tsofaffin gine-ginenmu a ranakun hutu. Akan same su a bakin Gidan Makama a Kano, ko a gindin Hasumiyar Gobarau a Katsina, kowa ya ɗaga waya sama. Abin a yaba ne, domin ginin ƙasa ba ya jira. Damina biyu ko uku babu yaɓe sun isa su zubar da zanko. Sai dai akasarin masu wannan sha'awa hotonsu na bana bai fi na bara ba, kuma ba rashin kyamara mai tsada ne ya jawo haka ba. Ba sa nuna aikinsu ga kowa sai abokai, su kuwa abokai abin da za su ce bai wuce "ya yi kyau" ba.

Mutum na farko da ya kamata a nema shi ne wanda ya daɗe a sana'ar hoto. Abin da idonsa zai fara kamawa shi ne bangaye sun karkata ciki, kamar ginin zai faɗi ta baya. Hakan na faruwa ne idan aka tsaya kusa aka ɗaga bakin kyamara sama don a haɗa da ƙololuwa. Maganin shi ne a ja da baya, a riƙe kyamara a miƙe, ko a hau wani tudu, daga baya a yanke ƙasan hoton da ya yi yawa. Wannan kuskure ya fi illa a ginin Hausa, domin bangon tubali dama can da kauri yake farawa daga tushe, yana sirancewa zuwa sama. Hasumiyar Masallacin Agadas, mai tsawon kimanin mita 27, haka take tsukewa. Idan kyamara ta ƙara nata karkacewar, mai kallo ba zai iya bambanta aikin magini da kuskuren mai hoto ba.

Sai kuma haske, wanda a nan ne gyaran gwani ya fi amfani. Zanen da ake yi a fuskar zaure, irin su dagi, tudu ne da kwari a jikin yaɓe, kuma inuwa ce take fito da shi. Idan rana ta doki bangon kai tsaye, zanen sai ya baje ya ɓace. Idan ta zo masa daga gefe, kowane layi sai ya tashi. Don haka tambayar da gwani zai yi ita ce: ina bangon yake fuskanta, kuma ƙarfe nawa aka ɗauka? A Kano, daga Oktoba zuwa farkon Maris rana ta ɓangaren kudu take bi, saboda haka bangon da ke kallon arewa kusan ba ya samun ta. Sai wajen Mayu zuwa Yuli take komawa ta arewa. Wanda bai san wannan ba zai yi ta zargin wayarsa a banza. Ƙurar hunturu kuma tana kashe inuwa, ta dusashe jan makuba.

Amma mai hoto, komai ƙwarewarsa, rabin gyaran yake da shi. Ɗaya rabin yana hannun magini, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. A nuna wa dattijon magini hoton cikin soro, nan take zai ce an yanke ƙafar bakan gizo, ko an bar mahaɗar ɗaurin guga a cikin duhu, alhali nan ne gwanintar take. Zai tambayi ina indararo, ina jerin azara. Bai damu da kalar hoto ba; so yake ya ga yadda ginin ya tsaya. A ganina, minti goma tare da irin wannan dattijo, bayan gaisuwa da ladabi, sun fi yabon mutum ɗari. Bayan shi akwai ma'aikatan gidajen tarihi, da malamai da ɗaliban sashen tsara gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Neman gyara ma yana da ƙa'ida. Kada a zube wa mutum hotuna talatin. A zaɓi uku, in da hali a wanke su a takarda. A faɗi abin da aka so nunawa, sa'an nan a yi tambaya takamaimiya: shin tsayin ƙofar ya fito, ko sai an sa mutum a gefe don a gane girmanta? A yi shiru a saurara ba tare da kare kai ba, tunda gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda shawararsa duka ita ce a sayi wata kyamara, a yi masa godiya a wuce. Daga nan sai a koma wurin, a nemi izinin masu gida kamar farko, a sake ɗauka, a kawo tsoho da sabo a jera.

Dalilin wannan wahala a fili yake. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, an lulluɓe abin da ya rage nasa da sabon gini a shekarun 1970. Mai son ganin siffarsa ta da, sai dai ya duba tsofaffin hotuna da awon masana irin su Zbigniew Dmochowski, mutumin Poland, wanda aka buga littafinsa mai juzu'i uku a 1990, ko kuma ya je Jos ya ga kwatankwacinsa da aka gina a gidan tarihin gine-ginen gargajiya. Shi ya sa mai gyara na ƙwarai, kafin ya mayar da hoto, yakan juya bayansa ya duba ko an rubuta sunan ginin, da unguwa, da kwanan wata, da gefen da aka tsaya.