Hoton Ƙwaƙwalwa da Na'urar CT: Abin da Ke Sa Wani Hoto Ya Fi Wani Inganci

A ci gaba da ƙoƙarinmu na wayar da kan al'umma a kan harkokin kiwon lafiya, mun ga ya dace mu yi bayani game da hoton ƙwaƙwalwa da ake ɗauka da na'urar CT, wanda likitoci kan buƙata cikin gaggawa idan mutum ya yi hatsarin mota ko na babur ya bugu a kai, ko kuma ɓarin jikinsa ya shanye farat ɗaya. Sau da yawa 'yan uwan majiyyaci kan yi mamaki idan likita ya duba hoton da suka biya kuɗi aka ɗauka, sannan ya ce a sake wani. Dalili shi ne akwai dabaru daban-daban na ɗaukar wannan hoto, kuma kowace da irin abin da take iya fitarwa.

Asalin na'urar

Wani injiniya ɗan ƙasar Ingila mai suna Godfrey Hounsfield, ma'aikacin kamfanin EMI, shi ne ya ƙera na'urar farko, kuma an fara gwada ta a kan majiyyaci a asibitin Atkinson Morley da ke Landan a watan Oktoba na 1971. Hoton farkon da aka ɗauka na ƙwaƙwalwa ne. A 1979 aka ba shi kyautar Nobel tare da Allan Cormack. Hoton wancan zamani yana da ɗigo 80 a tsaye da 80 a kwance, alhali na yau yawanci 512 ne ta kowane ɓangare. A Nijeriya an fara girka na'urar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan a 1987.

Na'urar tana zagaya kan majiyyaci da hasken eksire, wasu idanu da ke ɗaya ɓangaren suna auna hasken da ya ratsa, sannan kwamfuta ta lissafa ta fitar da hoton kai yanki-yanki, kamar yadda ake yanka burodi.

Me ya sa ƙwaƙwalwa ke da wuyar ɗauka?

Ana auna kowane sashe na hoton da ma'aunin Hounsfield: ruwa yana kan 0, iska tana kan -1000, ƙashi mai tauri kuma yakan kai 1000 ko fiye. Amma sassa biyu na naman ƙwaƙwalwa, wato mai ruwan toka da fari, dukkansu suna tsakanin 20 da 45 ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu kaɗan ce ƙwarai. Idan jijiyar jini ta toshe, ɗaya daga cikin alamomin farko shi ne ɓacewar wannan 'yar tazara. Saboda haka hoton da ya yi dishi-dishi, irin na talabijin ɗin da eriyarsa ta goce, zai iya ɓoye ciwon baki ɗaya. Jinin da ya zuba sabo kuwa ya fi sauƙin gani, domin yana fitowa fari fiye da naman da ke kewaye da shi.

Haka kuma ƙoƙon kai yana da kauri, musamman wajen ƙeya da tsakanin kunnuwa biyu, inda ƙashi kan jawo baƙaƙen layuka a kan hoto, su rufe tushen ƙwaƙwalwa.

Dabarun ɗaukar hoto

Dabara ta farko ita ce ta mataki-mataki: gado ya tsaya cik, na'ura ta zagaya, gado ya matsa kaɗan, ta sake zagayawa. An daɗe ana fifita ta wajen hoton ƙwaƙwalwa saboda tsabtar hotonta, kuma a wasu na'urori ana iya karkata bakin na'urar domin hasken ya kauce wa idanu.

Ta biyu ita ce ta murɗiya, wadda ta fito a 1989. A nan gado yana tafiya ba tsayawa yayin da na'ura ke juyawa, sai hasken ya bi jiki kamar zaren kusa mai murɗi. Fa'idarta sauri, wanda ke da muhimmanci ga yaro ko wanda ya fita hayyacinsa ba ya iya natsuwa, domin motsi kaɗan kan ɓata hoto. A tsofaffin na'urori hotonta bai kai na mataki-mataki tsabta ba, amma a na'urorin zamani tazarar ta ragu sosai.

Daga 1998 aka fara samun na'urori masu ɗaukar yanki 4 a zagaye ɗaya, sannan masu 16, sannan masu 64 a 2004, har zuwa masu layin idanu 320 a 2007. Ya kamata a lura cewa yawan layuka sauri yake ƙarawa da faɗin wurin da ake ɗauka a lokaci guda, abin da ke da amfani wajen hoton jijiyoyin jini. Idan tambayar likita ita ce ko jini ya zuba a cikin kai, na'ura mai yanki 16 da ake kula da ita yadda ya kamata ta wadatar.

Kaurin yanki shi ma yana da tasiri. Yanki na milimita 5 ya fi nuna naman ƙwaƙwalwa sumul, siririn yanki na milimita 1 ko ƙasa da haka kuma ya fi nuna tsagewar ƙashi, amma dishi-dishinsa ya fi yawa. Shi ya sa akan fitar da nau'o'in biyu daga ɗauka guda.

Bugu da ƙari, an sami ci gaba a lissafin da kwamfuta ke yi. Tun wajajen 2009 aka fara yawaita amfani da lissafin maimaitawa, wanda ke rage dishi-dishi ba tare da an ƙara haske ba, sai dai idan aka cika shi hoto kan yi santsi fiye da ƙima. Akwai kuma na'urori masu ƙarfin haske iri biyu, masu taimakawa wajen bambance jini da ruwan alama, da kuma masu ƙirga ƙwayoyin haske ɗaya bayan ɗaya, waɗanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fara amincewa da su a 2021.

Ruwan alama da yawan haske

Wani lokaci akan yi wa majiyyaci allurar ruwan alama mai sinadarin aidin domin jijiyoyin jini, ƙari ko ƙurji su fito fili. Amma ga wanda ake zargin shanyewar ɓarin jiki, ana fara ɗaukar hoto ne ba tare da shi ba, domin a tabbatar babu zubar jini kafin a ba da maganin narkar da gudan jini, wanda bisa ƙa'ida ake bayarwa cikin sa'o'i 4 da rabi daga fara ciwo.

Kyawun hoto yana da farashi. Kafin a rage dishi-dishi da rabi ta hanyar ƙara haske kawai, sai an ninka hasken sau 4. Hoton kai guda yana kai wa kimanin milisiba 2, kusa da 2.4 da matsakaicin mutum ke samu daga muhalli a shekara. Don haka manufar ma'aikata ita ce hoton da zai amsa tambayar likita da mafi ƙarancin haske, musamman ga yara. A Nijeriya, Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Ƙasa ce ke ba da lasisin amfani da irin waɗannan na'urori.

Kira ga jama'a

Muna kira ga jama'a da kada su tsaya jinya a gida idan baki ya karkace, magana ta sarƙe, ko hannu ya mutu. A garzaya asibiti, a kuma riƙe lokacin da abin ya fara. A sanar da ma'aikata idan akwai juna biyu, ciwon ƙoda, ko an taɓa samun matsala da ruwan alama. A cire 'yan kunne, sarƙa da abin kama gashi, domin ƙarfe na ɓata hoto. A nemi faifan hoton tare da rahotonsa a adana, saboda hoton da aka buga a leda ba ya ɗauke da dukkan bayanan, kuma likita ba zai iya daidaita haskensa ba.

Idan likita ya ce a sake hoto ko a tafi na'urar MRI, a tambaye shi dalili cikin natsuwa. Toshewar jijiya ba ta cika bayyana a hoton CT na sa'o'in farko ba, kuma zubar jini kan iya ƙaruwa bayan an ɗauki hoton farko. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.